Shaidar mai taɓin hankali a shari'ar fyaɗe: abin da doka ta tanada

Galibin shari'o'in fyaɗe sun rataya ne a kan bakin mutum biyu, wadda aka yi wa da wanda ake tuhuma, domin da wuya a samu ganau. Idan wadda aka yi wa fyaɗen tana da taɓin hankali, lauyan da ke kare wanda ake tuhuma yakan fara da cewa maganarta ba abin kamawa ba ce. Doka ba ta ce haka ba.

Tambayoyi biyu

Kotu tana raba abu biyu. Na farko, shin wannan mace za ta iya ba da shaida? Na biyu, wane nauyi za a bai wa abin da ta faɗa? Ciwon ƙwaƙwalwa iri-iri ne, kuma mai shi yakan samu lafawa. Mace na iya rikita rana ko sa'a, amma ta riƙe fuskar wanda ya afka mata da wurin da abin ya faru.

Najeriya

Sashe na 175 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce ba a hana mai taɓin hankali ba da shaida, sai in ciwon ya hana shi fahimtar tambayoyin da ake masa da ba su amsa mai ma'ana. Alƙali ne ke gwada haka, ta hanyar yi wa shaidar tambayoyi a gaban kotu.

Faransa da ƙasashen da suka gaji tsarinta

Sashe na 427 na kundin tsarin shari'ar laifuka na Faransa ya yarda a tabbatar da laifi da kowace irin hujja, alƙali kuma ya yanke hukunci bisa gamsuwar zuciyarsa. Nijar da Chadi sun gaji wannan tsari, inda alƙali mai bincike kan nemi rahoton likitan ƙwaƙwalwa. Rahoton haske ne kawai, hukunci na alƙalai ne. A Faransa raunin wadda aka zalunta yana ƙara wa laifin nauyi: ɗaurin fyaɗe shekara 15 ne, amma yakan kai 20 idan mai laifin ya san tana da larurar ƙwaƙwalwa, ko larurar a bayyane take.

Sauƙaƙa wa shaida

Sashe na 13 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, wadda Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010, ya wajabta sauƙaƙa musu tsayawa a kotu, har a matsayin shaidu. A Ingila dokar 1999 ta ba da damar sa mai shiga tsakani da ke fayyace wa shaida tambayoyi. A 2012 Kotun Ƙolin Kanada ta yanke cewa ya wadatar mai raunin ƙwaƙwalwa ta iya bayyana abin da ta sani, ta kuma yi alkawarin faɗin gaskiya, ba sai ta fassara ma'anar gaskiya ba.

Hujjojin da ke ƙarfafa maganarta

Takardar likita, gwajin DNA, tufafin da ba a wanke ba, da mutumin da ta fara gaya wa duk suna tallafa wa shaidarta. Zuwa asibiti cikin sa'o'i 72 yana ba da damar samun maganin kariya daga cutar HIV, yana kuma taimakawa wajen adana hujja. Iyalin da suka ɓoye maganar don kunya, ko suka amince da sulhu a gida, sukan rasa waɗannan hujjoji kafin ƙara ta isa hannun ƴan sanda ko jandarma.