Labarin Jirgin Ivy da Sarakuna Biyu

Jama'ar zango, kun sha jin tsofaffi suna ba da labarin yaƙin Kamaru, amma da wuya a ji an ambaci jiragen da suka yi hidimar yaƙin nan. To, yau ga labarin ɗaya daga cikinsu, wani jirgin ruwa mai aiki da tururi, sunansa Ivy. Kakanninmu sun san shi.

A 1895 aka ƙera shi a birnin Hull na Ingila, a ma'aikatar Earle. Gwamnatin Turawa ta gaɓar Kwara, wadda mazauninta yake Kalaba, ita ta sa aka yi shi, don babban jami'inta ya riƙa zaga garuruwan bakin teku. Tun bai daɗe a ruwa ba sai aikinsa ya sake.

A ƙarshen 1896 shi ya ɗauki Bature Phillips da mutanensa, suka nufi ƙasar Binin, ko da yake Sarki ya aiko su dakata. Ran 4 ga Janairu 1897 aka tare su a hanya, aka kashe su, Turawa biyu kaɗai suka tsira. Wata mai biye Ingilishi suka kawo yaƙi, suka ci birnin, suka ƙone shi, suka kwashe kayan tagulla da hauren giwa. Sarki Ovonramwen ya yi watanni a ɓoye, daga baya ya ba da kansa. A cikin Ivy aka ɗauke shi zuwa Kalaba, can ya zauna har ya rasu a 1914. Akwai hotonsa da J. A. Green, mutumin Bonny, ya ɗauka a cikin jirgin: Sarki yana zaune, soja suna tsaye a kansa. Kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu, rundunar nan da ta ci Binin da Hausawa da yawa a cikinta, masu cin albashin Bature.

Jirgin ya bi mulki duk inda ya juya. A 1900 ya zama na gwamnatin Nijeriya ta Kudu, a 1914 kuma da Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa ya zama na Nijeriya duka. A shekarar nan yaƙin Jamus na farko ya tashi. Aka ɗora masa igwa, aka tura shi Kamaru tare da jiragen yaƙi irin su Cumberland da Dwarf da Challenger. Jamusawa sun nutsar da jiragensu a mashigin Duwala don su toshe hanya. Mutanen Ivy sun saba da irin wannan ruwa mai laka, saboda haka suna cikin waɗanda suka yi aikin neman hanya. Ran 27 ga Satumba 1914 Duwala ta sallama wa Janar Dobell. Sojan Gwalkwas, waɗanda suka riga suka ci Kamina a Togo cikin Agusta, su ma an kai su wannan yaƙi, kuma da 'yan zango a cikinsu. Ivy ya ci gaba da sintiri a gaɓa, ba a gama yaƙin ba sai Fabrairu 1916, da Jamusawan dutsen Mora suka ajiye makamai.

Bayan yaƙi aka sayar da shi, ya koma hannun Shaihu Khaz'al, Sarkin Muhammara, a iyakar Farisa da Iraƙi, mai arziki ƙwarai, aminin Ingilishi. A watan Afrilu 1925 Janar Zahedi ya zo wurinsa a matsayin baƙo, suka yi hira a cikin jirgin. Da dare ya yi sai sojan Riza Khan suka hau, suka kama Shaihu, aka tafi da shi Tehran. Aminansa Turawa ba su cece shi ba. Yana tsare a gida har ya rasu a 1936.

Jirgin ya zama na sojan ruwan Farisa, an kuma sake wa garin suna Khorramshahr. A can sojan Ingilishi suka iske shi a watan Agusta 1941, lokacin yaƙin Hitila, da suka shiga ƙasar, ya tsufa, ya zama na ajiye kaya da mutane.

To, ku duba. A jirgi ɗaya aka kai sarki guda gudun hijira, a cikinsa kuma aka kama wani: ɗaya ya ja da Bature, ɗaya ya dogara gare shi, duka biyu ba su sake hawa gadonsu ba. Mulki na Allah ne.

Muna roƙon duk gidan da yake da lambar yabo ko takardar sallama ta kakansu soja, a adana ta, a kuma gaya wa yara inda ya yi yaƙi da wanda ya yi wa. Allah ya ji ƙan magabata, amin.