Ƙaramin Jirgin Jos da Diban Gwamna

Ya ku waɗanda kuka yi aikin En'e a Isa da Sabon Birni, ga wani labari da ya kamata a riƙa tunawa. A shekarar 1914 aka kai wani ɗan siririn dogo daga Zariya har Jos da Bukuru, fāɗinsa ƙafa biyu da rabi. Turawa suna hawa tudun Jos shan iska saboda sanyinsa, amma don kuza aka shimfiɗa dogon. Mu kuwa namu ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929, can Gobirawa ke kai gyaɗa da auduga.

Jiragen sama na soja uku sun fara sauka Kano a 1925, daga Masar. Da Yaƙin Hitila ya ɓarke, tun 1940 sai ga su bi da bi ta Kano da Maiduguri, sun nufi Masar. A 1942 Japan ta ci Malaya, Ingila ta rasa kuza, aka sa diban gwamna. Aka yanka wa larduna rabonsu, har da na Sakkwato, hakimai da dagatai suka tara mutane. Can kan tudu sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, kafin a soke abin a 1944.

An rufe ƙaramin dogon a 1957. Amma da hannun En'e aka rubuta sunayen mutanen nan. In mun tuna jirgin, mu tuna da su. Allah ya jiƙansu, amin.