Daga Gaya Zuwa Riruwai: Me Muka Ajiye A Dutse?



Mu mutanen Gaya da Ajingi 'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, jigawa da fadama. In ka tsaya a bayan gari da kaka, babu abin da zai tare maka ido sai kuka da rumbu. Shi ya sa da muka haɗa kuɗin mota a ƙarshen daminar bara za mu Riruwai, wata gwaggonmu ta riƙe haɓa ta ce, "Dutse kuma? Me kuka ajiye a can?"

Ba mu ne farkon mutanen Gaya da suka ɗaura ɗamarar zuwa dutse ba. Tarihin baka na Kano ya ce maƙera ne daga Gaya suka bi sawun tama har gindin Dala suka zauna, su ne Abagayawa, kuma wai sunan babbansu Kano, shi garin ya ci. Ko mutum bai gamsu da zancen sunan ba, masu tonon ƙasa sun samu alamun narka ƙarfe a wajen tun wajajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Bagauda da ake sanyawa a 999. Ba shan iska ya kai kakanninmu ba. Abin ƙera fartanya da mashi suka je nema.

Mun tsallake gadar Wudil da sanyin safiya, muka ratsa Kano, muka karya ta Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, titin Jos ya shigar da mu Falgore. A nan hira ta mutu a motar. Direbanmu ya kashe rediyo, wai don ya ji ƙarar injin da kyau. Kowa ya san ba inji yake saurare ba.

Abin takaici ke nan. Dajin da ya kusa murabba'in kilomita 1,000, wanda aka keɓe tun zamanin En'e a shekarun 1940, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960, ana kiran sa da sunan Kogin Kano da ke ratsa shi, yau yaro bai san shi da komai ba sai ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Gaskiya ne an sha wuya a hanyar, har sai da sojoji suka kafa wurin horo a ciki. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta sa Falgore cikin wurare goma da ta amince a ɗaga zuwa gandun daji na ƙasa. Mu dai abin da idonmu ya gani shi ne birai a bakin titi, da itatuwa a cunkushe irin waɗanda a wajenmu tuni sun zama gawayi.

Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana zagaye da duwatsu kamar an ajiye ta cikin ƙwarya. Hawan ya tona mana asiri. Yaron da ya yi mana jagora da silifas yake tafe yana cin gyaɗa, mu masu takalman gayu muna haki, har wani cikinmu ya zauna a rabin hanya ya ce shi daga nan ma yana ganin komai. Daga baya muka gangara Zainabi, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse da sanyi kamar na randa.

Amma ramukan da muka riƙa wucewa sun fi ruwan riƙe mu. Mutanen Riruwai sun daɗe suna haƙar kuza kafin Bature ya zo. Su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni. A ƙarni na 19 yankin ya rasa kwanciyar hankali, wasu manarkan suka ƙaura ƙasar Bauchi, inda ake kira Ririwan Dalma. Zamanin hare-haren Ningawa ke nan, su ma asalin jagororinsu malamai ne na ƙasar Kano, su Malam Hamza na Tsakuwa, da suka ƙi biyan kuɗin ƙasa suka fake a duwatsun Ningi a shekarun 1840. Waɗannan tsinkayen dalma ne suka ja hankalin Kamfanin Neja ya aika mutanensa neman tushensu a 1902. Abin da ya biyo baya mun sani: kamfanonin Turawa suka mamaye harkar, narkar gargajiya ta mutu, manarki ya koma lebura. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, sai aka bar mutane da ramuka.

A nan ɗaya daga cikinmu ya amsa laifinsa. Ya ce a littafinsa na farko ya sa an sace amarya an kai ta Falgore, alhali bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kusan dukkanmu mun taɓa kai jarumarmu Dubai, ba wanda ya taɓa sa ta zama jikar manarki. A ganinmu wannan ragwanci ne, ba ƙarancin labari ba.

Mun iso gadar Wudil bayan isha. Ruwan da ke gangarowa daga tuddan kudu shi ke ratsa Falgore ya taru a madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Baƙo a farkon shekarun 1970, ya haɗu da Challawa, ya biyo ta ƙarƙashin wannan gada ya nufi Haɗeja. Direba ya rage gudu muka leƙa. Duhu ne, ba mu ga komai ba, sai fitilar wani masunci a tsakiyar kogin.