Farar sanda: yadda makaho ke tafiya da kansa, da abin da ya hana ta yaɗuwa a Zamfara

A tashar motar Talata Mafara, ko a kasuwannin Bakura da Maradun, abin da ido ya saba gani shi ne dattijo makaho dafe da kafaɗar yaro, ko riƙe da ƙarshen sanda yaron na ja a gaba. Wannan yaro shi ne ɗan jagora. Tsarin daɗaɗɗe ne, yana kuma kai mutum inda za shi, sai dai mutum biyu ke ɗaukar asararsa. Makahon ba ya fita sai yaron ya samu sarari, yaron kuma lokacin makarantarsa ne ke tafiya a jagoranci.

Lamarin ba na 'yan tsiraru ba ne. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sama da miliyan ɗaya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowace shiyya yawansu. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, ita kuwa ana yi mata aiki gani ya dawo. Wanda hawan jinin ido ya cinye masa jijiyar gani ba haka ba ne. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi tafiya ba da ido ba, kuma abu ne da ake koyarwa kamar tuƙi.

Tarihin farar sanda gajere ne. A 1921 wani mai ɗaukar hoto a Biristol ta Ingila, James Biggs, da ya makance sakamakon haɗari, ya shafa wa sandarsa farin fenti domin direbobi su hango shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Richard Hoover, wanda ke horar da sojojin Amurka da suka rasa idanu, ya tsawaita ta, ya rage mata nauyi, ya fito da salon amfani da ita. Tun 1964 ake ware mata 15 ga Oktoba a Amurka, ranar da ƙungiyoyin makafi a Najeriya su ma suke raya ta.

Farar sanda ba ta dogarawa ba ce, ta lalube ce. Tsawonta kan kai daga ƙasa zuwa ƙirjin mai ita. Ana riƙe ta a tsakiyar jiki, a riƙa kaɗa ta dama da hagu da wuyan hannu, faɗin kaɗawar ya ɗan zarce faɗin kafaɗu. Sirrin yana cikin daidaita ta da taku: idan ƙafar dama ta yi gaba, bakin sandar ya taɓa hagu, wato wurin da ƙafar hagu za ta sauka nan gaba. Ta haka rami ko dutse ko bakin kwata ke bayyana kafin ƙafa ta isa. Wasu kan ja bakin sandar a ƙasa ba tare da ɗaga ta ba. Akwai kuma bin gefe, inda ake bin katanga ko iyakar kwalta da ƙasa har a kai kwanar da ake nema.

Sauran aikin na kunne ne da hanci da ƙwaƙwalwa. Ƙarar injin niƙa, lasifikar masallaci, ƙamshin tukubar mai tsire, gefen fuskar da rana ke duka da hantsi, duk alamomi ne da mai horo ke koya wa ɗalibi ya jera su su zama taswira. Sandar tana da iyaka: ba ta sanin abin da ya wuce ƙugu, don haka kwanon rumfa da ya sauko ko rodi da ya leƙo daga bayan mota na iya samun mutum a goshi.

A ƙauyuka irin su Dosara, cikin yankin noman rani na madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, hanyar gona kan bi gefen magudanan ruwa marasa shinge. A gari kuwa ga kwatoci a buɗe, ga 'yan tireda sun cinye gefen titi, ga babura ta ko'ina. Wanda rikicin 'yan bindiga ya raba da ƙauyensu asararsa biyu, domin taswirar da ya shekara talatin yana haddacewa ba ta da amfani a garin da ya yi gudun hijira.

Wayar hannu na taimakawa. TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone suna karanta abin da ke fuskar waya, manhajar Be My Eyes kuma na haɗa makaho da mai gani ta bidiyo. Amma duka suna son caji, Be My Eyes na son data, kuma babu wadda ke gano rami.

Mai son taimako ya fara da sallama, ya tambaya. Kada ya kama sandar, kada ya ja hannu. Makahon ne zai riƙe shi sama da gwiwar hannu, shi kuma ya kasance rabin taku a gaba, yana faɗin “akwai matakala” ko “za mu tsallaka kwata” kafin a isa.

Ta fuskar doka, babu uzuri. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a da hanyoyi yadda za su iya bi. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya taka titunan Gusau ko Mafara zai iya auna abin da aka yi da ƙafarsa.

Giɓin da ya fi girma shi ne na masu horo. Makarantu irin su ta makafi da ke Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano, yara suke ɗauka. Manomin da ya makance yana da shekara hamsin ba shi da aji a can. Rabon sanduna a taron biki, wanda 'yan siyasa ke so saboda yana kyau a hoto, ba ya maye gurbin makonnin horo a kan ainihin hanyar da mutum zai riƙa bi, daga ƙofar gidansa zuwa masallaci da kasuwa. Sarakunan makafi sun san mutanensu gida-gida. Ƙaramar hukumar da ta ɗauki nauyin horar da ko da malami ɗaya, ta wurinsu za ta samu sunayen ɗaliban farko.