Mishan, Horon Malamai da Kiwon Lafiya a Lardin Zazzau

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda Turawan Mishan suka haɗa horon malamai da ilmin kiwon lafiya a tsohon Lardin Zazzau, wanda ƙasar Birnin Gwari take cikinsa. Abin da za a nuna shi ne, haɗin nan wahala ce ta koya musu shi.

2.0 Daga Birni zuwa Wusasa

A 1900 ayarin Bishop Tugwell na Mishan ɗin C.M.S. ya isa Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya hana su zama. Cikinsu akwai Dr. Walter Miller, wanda Hausawa suke kira Likita Mila. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Da yake Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, wa'azi a fili ya yi wuya. Saboda haka magani da karatu su ne ƙofofin da suka rage musu.

A 1913 waɗansu Isawa suka nemi Likita Mila, daga baya aka kafa musu ƙauye a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu ɓarna ƙwarai, garin ya watse, aka mai da yaran da suka tsira Zariya. Darasin a fili yake, watau makaranta ba ta tsayuwa inda cuta take cin ɗalibanta. Da aka koma Wusasa a 1929, sai coci da makarantar St. Bartholomew da asibitin St. Luke suka tashi wuri guda.

3.0 Malami Ɗaya, Aiki Biyu

Wannan tsari ya dace da ra'ayin zamanin. Hukumar Phelps-Stokes ta Amurka, wadda ta zaga Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921, ta ba da shawarar a sa tsabta da noma cikin karatu. A Gindiri kuwa, a Lardin Filato, Mishan ɗin S.U.M. ta buɗe makarantar horon malamai a 1934. Malamin da aka tura ƙauye yakan koyar da karatu, ya wanke gyambo, ya kuma gargaɗi jama'a game da ruwan sha da haƙa masai.

Wusasa ita ta fitar da Dr. R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Amma fa dole a faɗi iyakar aikin. Yawancin iyaye Musulmi sun ƙi ba da 'ya'yansu don tsoron a raba su da addini, sai amfanin ya tsaya ga mutane kaɗan.

A farkon shekarun 1970 Jihar Tsakiyar Arewa ta karɓe makarantun Mishan, Kwalejin St. Paul ta koma Kufena. Ƙofa ta buɗe wa kowa, wannan kuwa ci gaba ne. Sai dai malami ya zama na Ma'aikatar Ilmi, malamin asibiti na Ma'aikatar Lafiya, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

4.0 Kammalawa

Taron Alma-Ata na 1978 ya tabbatar cewa kiwon lafiya daga ƙauye yake farawa. Ƙauyukan dajin Birnin Gwari sun fi kowa bukatar wannan, domin rashin tsaro ya kori ma'aikata baƙi daga cikinsu; alal misali, a watan Maris na 2021 'yan bindiga sun sace malamai uku a firamaren Rama. Shawarar wannan takarda ita ce kwalejojin ilmi su horar da 'yan ƙasar, Musulmi da Kirista, su iya aikin allo da na lafiya tare. Ɗan gari shi ne yake zama in baƙo ya tafi.