Abubakar Imam: Malamin da Ya Ɗauki Allo Sau Biyu

Duk wanda ya yi firamare a Anka, Gummi ko Bukkuyum a zamanin da littafi ke isa aji, da wuya bai haɗu da Magana Jari Ce ba. Ba kowa ne ya san cewa marubucinsa daga gaban allo ya fito ba, kuma sai da ya koma ɗalibi kafin alƙalaminsa ya nuna.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi Kwalejin Katsina, ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a 1932. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, ya bi garuruwa yana neman malamai su gwada. Littattafai 5 suka fito daga gasar, ciki har da Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukansu uku malaman makaranta ne.

A 1936 aka ari Imam zuwa Zariya. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, Imam yana rubutawa, ana dubawa, yana gyarawa. Cikin wata 6 ya kammala littattafai 3 na Magana Jari Ce. A littafi na uku, Waziri Aku ne ke zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari. Wato Imam ya shigar da darasin da ya sha cikin littafin kansa: iya labari sana'a ce, gaban wani ake koyonta.

Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, aka naɗa shi editanta, ajinsa ya zama Arewa baki ɗaya. Malamai da ma'aikatan En'e suna aiko da wasiƙu da waƙoƙi, ana tacewa, ana bugawa, mai karatu yana ganin yadda ake tsara zance a boko. Sama da shekara 10 ya yi a wannan kujera. Ya rasu a Zariya a 1981.

Yau marubutan Hausa sun fi na kowane zamani yawa. Matashiya a Gummi tana iya sakin babi a WhatsApp da dare, kafin asuba an karanta a Kano da Maraɗi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai dubawa, wanda zai ce wannan shafi ya yi, wancan a sake shi. Imam ya sami irin wannan mutum, shi ma ya zama shi ga wasu. Ya rage ga manyan marubuta da malaman sassan Hausa na jami'o'inmu su karɓi rubutun na baya, su zauna su karanta da jan biro a hannu.