Alawus ɗin sojojin kiyaye zaman lafiya na MDD: wa ya cancanta, nawa ne, kuma ta hannun wa yake biyowa

A barikokin Yamai, Njamena, Garwa, Tamale ko Kaduna, idan sunan soja ya fito a jerin masu tafiya aikin kiyaye zaman lafiya, abin da da Faransanci ake ce wa « mission », gida kan ɗauka cewa kakarsu ta yanke saƙa. Ana fara lissafin fili, da aure, da kujerar Makka tun jirgi bai tashi ba. Sau da yawa lissafin yana kan adadin da aka ji a rediyo, wanda ba shi ne ke shiga aljihun soja ba. Wannan bayani ya tattaro ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya, MDD ko ONU, game da ƙarin kuɗin da ke tattare da wannan aiki na musamman.

Kafin a shiga lissafi: duk inda aka ce dala a nan, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ko Damagaram mai faran 5 ba. Inda aka juya ta zuwa CFA, an ɗauki dala 1 a kan CFA 600 don sauƙin lissafi kawai, tun da farashin yana hawa yana sauka.

Dala 1,448 ta ƙasa ce

MDD ba ta da sojojin kanta. Aro take yi daga ƙasashe, kuma sojan da aka ara yana nan a matsayin ma'aikacin ƙasarsa: ita ke biyansa albashi, ita ke ƙara masa girma, ita ke hukunta shi. Abin da MDD ke yi shi ne mayar wa gwamnati wani ɓangare na abin da ta kashe, a kan farashi ɗaya ga kowane mutum a kowane wata, ko kurtu ne ko kanar, ko daga Cadi ya fito ko daga Bangladash.

Babban Zauren MDD ya fara tsayar da wannan farashi a 1974 a kan dala 500. Daga 2002 ya tsaya a dala 1,028 har tsawon shekara 12, ƙasashen da ke ba da sojoji suna ta ƙorafi. A watan Yuli na 2014 aka haɗe shi da wasu ƙananan kuɗaɗe, na kaki da na ƙwararru da na bindiga, ya koma dala 1,332. Ya kai 1,410 a 2017, sai 1,428 a 2018, sannan 1,448 daga 1 ga Yuli 2022. Duk shekara 4 ake sake duba shi, bayan an tattara bayanan abin da ƙasashe 10 daga cikin masu ba da dakaru ke kashewa.

Dala 1,448 ta kama CFA 868,800, wato jikka 868 da ɗoriya. Bataliya mai mutum 850 tana jawo wa ƙasarta dala 1,230,800 a wata. Kuɗin yana shiga asusun gwamnati ne, kuma an tsara shi don ya taimaka wajen alawus, da kaki da kayan jikin soja, da gwajin lafiya da rigakafi kafin tafiya, da horo, da sufuri a cikin gida zuwa inda za a tashi. Nawa za a ba sojan daga ciki? Dokar kowace ƙasa ce ke yankewa. Gana, alal misali, ta tsayar da kuɗin sojanta a kan dala 35 a rana a 2017, abin da ya kama dala 1,050 a wata mai kwana 30. Wasu ƙasashen suna ba da wani kaso a fagen aiki su ajiye saura sai an dawo. Wasu kuma ba sa bayyana tsarin a fili ko kaɗan, kuma a nan ne yawancin rigingimu ke samo asali.

Akwai kuma wani kuɗi dabam da MDD ke biya na hayar motoci masu sulke, da janareto, da asibitin tafi da gidanka, da sauran kayan da ƙasa ta kai. Wannan babu rabon soja a ciki.

Wa ke shiga lissafi

Sharaɗin farko shi ne mutum ya kasance cikin rundunar da ƙasarsa ta rattaba hannu da MDD a kanta. Kowace runduna tana da yarjejeniya da ta faɗi yawan mutanenta. Idan ƙasa ta tura fiye da adadin don buƙatar kanta, ita za ta ɗauki nauyin rarar. Jandarmomi da 'yan sandan da ke tafiya a dunƙule, waɗanda ake kira « unités de police constituées », farashinsu ɗaya da na sojoji.

Tun 1998 MDD ta ce kada a kawo mata wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ta fi son mai 21 zuwa sama. Dole mutum ya tsallake gwajin lafiya, ya yi horon da aka tsara kafin tafiya, kuma gwamnatinsa ta ba da shaida a rubuce cewa ba a same shi da laifin take haƙƙin ɗan Adam ba, ba a kuma taɓa koro shi daga wani aikin MDD saboda rashin ɗa'a ba. Zaɓen wanda zai tafi kuwa aikin hedikwatar sojojin ƙasa ne kacokan. MDD ba ta sayar da gurbi, ba ta ɗaukar soja ta intanet ko ta WhatsApp. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunan zai saka ɗanka a jerin masu shuɗiyar hula, ɗan damfara ne.

Ana lissafa kuɗin ne bisa yawan mutanen da ke fagen aiki a kowane wata. Tun 2013 wa'adin da aka saba shi ne wata 12 kafin a canja runduna a kan kuɗin MDD. Wanda aka mayar gida tun wa'adi bai cika ba, lissafinsa ya tsaya daga lokacin da ya bar aiki.

Abin da ke shiga hannun soja kai tsaye

Kaɗan ne. Akwai alawus na yau da kullum, dala 1.28 a rana, wajen CFA 770, wanda bai wuce kuɗin sabulu da katin waya ba, kuma an yi shekaru masu yawa ba a taɓa shi ba. Akwai kuɗin hutu, wanda ya ɗan haura dala 10 a rana, na kwanakin da ba su wuce 15 ba a kowane wata 6. Abinci, ruwa da magani ana ba runduna ne a dunƙule.

Na uku shi ne ladan kasada, « prime de risque », wanda ƙuduri mai lamba 67/261 na 2013 ya kafa. Mutane da yawa suna zaton duk wanda aka kai wuri mai hatsari ya cancanta. Ƙa'idar ta fi haka tsauri. Runduna ake ba wa, bayan an duba abu uku: ta yi aiki cikin hatsarin da ya wuce na kullum, ta yi rawar gani duk da haka, kuma ƙasarta ba ta gindaya mata wasu sharuɗɗa ba, irin su kada ta fita sintiri da dare ko kada ta wuce wani yanki. Wannan na ƙarshen yana da ɗaci, domin shawarar da aka yanke a babban birnin ƙasa tana iya hana sojan da ke bakin daga ladansa. Shugabannin aikin ne ke miƙa sunan runduna, Babban Magatakarda ke amincewa. Kuɗin bai wuce kashi 10 cikin 100 na farashin wata ba, wato dala 144.80, kuma ana biyan kowane mutum kai tsaye idan ya kammala wa'adinsa. An kuma ƙayyade jimillar abin da za a kashe a shekara, ta yadda ba zai wuce abin da zai ishi kashi 10 cikin 100 na dakarun da ke fage ba. Ke nan ko a aiki irin na MINUSMA a Mali, inda fiye da mutum 300 suka rasu tsakanin 2013 da 2023, ba kowace runduna ce za ta samu ba.

Hafsoshin da ke tafiya su kaɗai

Masu sa ido na soja, da hafsoshin hedikwata, da 'yan sandan da aka zaɓa ɗaiɗaiku, tsarinsu dabam ne. Gwamnatinsu ba ta karɓar dala 1,448 a kansu. MDD ce ke ba su kuɗin guzuri na kowace rana a hannu, su biya haya da abinci daga ciki. Adadin ya danganta da tsadar rayuwa a ƙasar da ake aikin, kuma ana rage shi idan MDD ce ta ba da masauki. A dunƙule ya fi abin da sojan bataliya ke samu nesa ba kusa ba, shi ya sa ake rububin waɗannan guraben. Sharuɗɗan ma sun fi yawa: mai sa ido sai ya kai shekara 25, yawanci daga muƙamin kyaftin zuwa laftanar kanar, ya iya harshen aikin, ya iya tuƙa mota. Wanda ya faɗi jarrabawar harshe ko ta tuƙi bayan ya isa, ana iya mayar da shi gida.

Yadda ake rasa kuɗin

Idan aka zargi soja da fyaɗe ko lalata da mutanen da aka tura shi ya kare, ana dakatar da kuɗin da ake biya a kansa har a gama bincike. In laifin ya tabbata, tun 2016 kuɗin yana tafiya asusun tallafa wa waɗanda aka cuta. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2272 na watan Maris 2016 ya ba da damar korar runduna sukutum, kamar yadda aka yi wa sojojin Gabon kimanin 450 a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a Satumba 2021. A irin wannan, mai laifi da marar laifi duk sun rasa sauran watanninsu.

Akwai kuma ragi da ba laifin soja ba ne. Idan masu bincike suka tarar kayan da ƙasa ta yi alkawari ba su zo ba, ko sun lalace an bar su haka har zagaye biyu a jere na binciken da ake yi duk wata 3, ana zaftare wani kaso daga kuɗin mutanen rundunar, har zuwa kashi 35 cikin 100. Gwamnati ake cirewa, amma ba wuya a gane inda gibin kan ƙare.

Rasuwa da naƙasa

Wannan ne ɓangaren da iyalai suka fi buƙatar sani, kuma shi ne aka fi jahilta. Diyyar wanda ya rasu a bakin aiki dala 77,000 ce tun Yuli 2018, a da 70,000. Ta kama CFA miliyan 46 da dubu 200. Wanda ya samu naƙasa ta dindindin ana ba shi wani kaso daga wannan adadi gwargwadon yadda likitoci suka auna rauninsa. Ba sai an mutu a fagen fama ba: hatsarin mota ko ciwon da aikin ya jawo suna shiga. Ana ƙin biya idan an tabbatar da ganganci ko mummunan sakaci daga shi mamacin, kuma akan yi jayayya idan ciwon ya riga tafiyar, abin da ya sa takardun gwajin lafiya na kafin tafiya suke da daraja.

Iyali ba sa iya rubuta wa MDD da kansu. Gwamnati ce ke shigar da buƙata ta ofishin jakadancinta da ke New York, kuɗin kuma ta hannunta yake dawowa. Matar mamaci ko mahaifinsa ma'aikatar tsaro za su bi, kuma tambayar farko ita ce ko an riga an aika fayil ɗin. Sojojin Nijar 9 da aka kashe a kwanton ɓauna tsakanin Menaka da Ansongo ranar 3 ga Oktoba 2014, da na Cadi 10 da suka faɗi a Aguelhok ranar 20 ga Janairu 2019, duk ƙarƙashin wannan tsari suke.

Ba kowace hula ce ta MDD ba

Sojan da ke yaƙi da Boko Haram a Mora, Baga Sola ko Monguno ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Cadi, wadda Nijar ta fice daga cikinta a Maris 2025, ba ya cikin duk abin da aka lissafa a sama. Alawus ɗinsa na fagen daga yana wuyan ƙasarsa. Ayyukan Tarayyar Afirka ma asusunsu dabam. A Somaliya, Tarayyar Turai ce ta riƙa ɗaukar alawus ɗin dakarun AMISOM, kuma a Janairu 2016 ta rage shi da kashi 20 cikin 100, daga dala 1,028 zuwa 822.

Wannan bambanci shi ya fito da sojojin Kamaru kimanin 200 kan titunan Yawunde ranar 9 ga Satumba 2015. Bashin da suke bi na watanni 8 ne da suka yi a Afirka ta Tsakiya ƙarƙashin MISCA ta Tarayyar Afirka, kafin aikin ya koma hannun MDD da sunan MINUSCA a Satumba 2014. Shugaba Paul Biya ya ba da umarnin fitar da CFA biliyan 6 aka biya su. Ba kowa ya yi irin wannan sa'ar ba. Sojojin Najeriya da suka dawo daga Laberiya suka tare hanya a Akure a Yuli 2008 kan alawus ɗinsu, kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, daga baya aka sassauta zuwa shekara 7. A Kwaddibuwa kuwa, boren da ya kifar da Henri Konan Bédié ranar 24 ga Disamba 1999 ya faro ne daga sojojin da suka dawo daga Bangi suna neman kuɗinsu.

Jinkiri ba kullum ne ke nufin an ci kuɗin a gida ba. MDD tana biyan ƙasashe duk wata 3, kuma sai idan akwai kuɗi a asusun aikin. Asusun yana cika ne da gudummawar dole ta ƙasashe, wadda Amurka da Sin ke ɗauke da kaso mafi girma, kuma manyan masu biya sukan makara. A Oktoba 2025 ƙarancin kuɗi ya kai MDD ga sanar da rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sojoji da 'yan sandanta a faɗin duniya, abin da ya rage guraben tafiya ga ƙasashen yankin da dama tun rufe MINUSMA a ƙarshen 2023 ta riga ta rage su.